Rijiya huɗu, guga ɗaya: wane fannin bincike ya dace da ɗalibin Damagaram?

Ƴar ƙanwata ta ci bak bana, wato jarrabawar kammala sakandare, a sashen D na lissafi da kimiyya, kuma da maki mai kyau. Ranar da na je yi musu barka a Zango, ko ruwan da aka kawo mini ban gama sha ba ta jawo kujera ƴar tsugunno ta zauna gabana. Ta ce, "Kawu, ni fa bincike nake son yi, in zama malamar jami'a. Amma abu huɗu ke ja na: injiniyanci, ilimin koyarwa, shari'a da falsafa. Wanne zan kama?" Uwarta ta ɗago murya daga madafa ta ce ai tunda akwai likitanci magana ta ƙare. Kowa ya yi dariya ban da yarinyar.

Na daɗe ina koyarwa a lise, wato babbar sakandare, na kuma koma na yi masta da furfura a gemuna, saboda haka na san amsar da aka saba ba yara a irin wannan zama: wanne ya fi kawo kuɗi, wanne ya fi suna. Amsar tana da amfani ga mai neman aiki. Ga mai son bincike kuwa ba ta isa ba. Shekara takwas ne a takarda tsakanin bak da digirin dokta, uku na lisans, biyu na masta, uku na dokta, kuma duk wanda ya bi hanyar ya san takwas ɗin kan zama goma ko fiye in an haɗa da yajin aiki da shekarun karatu masu hawa kan juna. Abin da ke riƙe mutum tsawon wannan lokaci shi ne ya zama yana jin daɗin nemo irin hujjar da fanninsa ke karɓa. Kowanne cikin huɗun nan da abin da yake kira hujja, kuma farashin samo ta daga Damagaram ba ɗaya ba ne.

Ɗauki ruwa, tunda mu nan ba mu da zancen da ya girme shi. Garin yana zaune kan dutse, ruwan ƙarƙashinsa kaɗan ne, shi ya sa ake jawo shi daga Gogo da Machaya, daga baya aka ƙara da Arunguza da Ganaram, amma in bazara ta kankama har yanzu kurar ƴan ga-ruwa ce ke raya unguwanni da yawa. Injiniya in ya dubi wannan, zai tambayi lita nawa rijiya ke bayarwa a awa, nawa ke tsiyayewa a hanya kafin ya kai famfo, mita nawa ruwan ƙasa ke sauka a shekara. Amsarsa lamba ce, kuma in wani ya sake awon ya samu wata lamba dabam, to ɗayansu ya yi kuskure. Masanin shari'a zai buɗe dokar ruwa ta 2010, wadda ta amince wa kowane ɗan ƙasa da haƙƙin samun ruwa, ya nemi wanda aka ɗora wa nauyin cika wannan haƙƙi da ƙofar da talaka zai ƙwanƙwasa in ba a cika ba. Mai binciken koyarwa zai ɗauki rajistar aji ya ƙirga yaran da ke makara ko fashi a Afrilu da Mayu, ya ga ko ƴan mata ne suka fi yawa. Mai falsafa kuma zai tsaya kan kalmar da sauran ukun suka tsallake: in an ce a raba ruwa da adalci, daidai wa daida ake nufi, ko a fara da wanda ya fi ƙishi, ko da wanda ya biya? Na ce mata ta lura da tambayar da ta sa ta gyara zama.

Bari in fara da injiniyanci, don shi ya fi ruɗar ƴan sashen C da D. Zama injiniya daban, binciken injiniyanci daban. Wanda ya yi shekara biyu ko uku a IUT ta Maraɗi, inda ake koyar da gini da lantarki da kanikanci, ko ya shiga makarantar injiniyoyi ta EMIG a Yamai, ko ta 2iE a Wagadugu in aljihun gidansu zai ɗauka, an shirya shi ne ya yi aiki da abin da aka riga aka sani, kuma ƙasa na buƙatarsa ƙwarai. Matatar SORAZ da ke kan hanyar Tanut, wadda aka buɗe a 2011 don tace ganga 20,000 a rana daga ɗanyen man Agadem, irinsu take ɗauka. Mai bincike kuwa abin da ba a taɓa aunawa ba zai auna, kuma nan tsadar take. Awo yana son na'ura, na'ura tana son wuta tsayayya da mai gyara da kayan da ake sayowa daga ƙetare. Wani abokina ya yi wata bakwai yana jiran injin matse kankare a wani ɗakin gwaji, saboda wani ɗan ƙarfe da bai kai tafin hannu ba ya karye, aka rasa mai sa hannu a sayo shi. Mun kuma ga yadda aka yi a Agustan 2023 da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, aka kwashe watanni ana lalube. Shi ya sa da yawa daga masu dokta a wannan fanni suke raba karatunsu biyu, rabi a gida, rabi a wata jami'a ta waje mai kayan aiki.

Alherinsa shi ne yana tafiya da mai shi ko'ina. Ƙarfin ƙarfe ɗaya ne a Damagaram da Zariya da Aljeriya da Sin, ba ruwansa da harshen da aka koye shi, sai dai dole a iya Ingilishi, domin da shi ake buga mafi yawan sakamakon binciken wannan fanni. Kuma kada a ɗauka sai da na'urar miliyoyi ake farawa. A farkon Satumban 2024 ruwan sama ya kayar da tsohon masallacin Birni, ginin ƙasa da ya tsaya tun ƙarni na 19. Duk gari an yi jimami, amma tambayar da ta rage ta injiniya ce: me ya riƙe shi duk waɗannan shekaru, me kuma ya canza? Maginanmu na da suna yaɓe da makuba daga ɓawon ɗorawa, suna haɗa laso da katsin marina da gashin majema da dafara, suna rufi da azarar giginya. Nauyin da tubali ke ɗauka kafin ya fashe, ruwan da yake sha in an sa masa makuba da in ba a sa ba, abin da ke samun bangon ƙasa in an shafe shi da siminti laima ta rasa hanyar fita, duk ana auna su da sikeli da tanda da injin matsi guda. Haka faifan sola. Ƙarfin da aka rubuta a bayansa an auna shi ne a zafin digiri 25, kuma kowane digiri da ya ƙaru yana rage masa kusan kashi 0.4 cikin ɗari. Faifan da ke kan rufin kwano a Afrilu yana iya kai digiri 60, ka ga kusan kashi 14 ya tafi tun ba a zo kan ƙurar hunturu ba. Sau nawa ya kamata a wanke shi a garin da ruwan wankin ma saye ake yi? Kundin masta guda ke nan cif. Sharaɗin dai ɗaya ne: wanda lissafi yake wa kamar shan maganin zazzaɓi, yana sha ne don dole, kada ya shiga.

Shari'a kuwa kayan aikinta masu arha ne: littattafai, jaridar gwamnati da ake buga dokoki a ciki, da hukunce-hukuncen kotu. Inda ake koyar da ita da daɗewa shi ne Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai, tafiyar kusan kilomita 900 daga nan, sai kuma Jami'ar Jibo Hamani a Tawa. Amma kafin komai, Faransanci take so mai kaifi, irin wanda waƙafi ɗaya ke juya ma'anar jimla. Ɗalibin da ya ci bak da ƙarfin lissafi da kimiyya alhali rubutunsa na tangal-tangal zai sha wuya a shekarar farko fiye da yadda yake zato.

Binciken shari'a iri biyu ne, kuma nan nake so mai zaɓe ya buɗe ido. Akwai na zama kan nassi, kamar dokokin kasuwanci na OHADA, yarjejeniyar da aka sa wa hannu a 1993, wadda yau ta haɗa ƙasashe 17 da babbar kotunta a Abijan. Fanni ne mai kawo aiki a banki da kamfani, amma mai bincike a cikinsa yana gasa ne da ƴan Dakar da Yawunde da Abijan waɗanda suka fi shi ɗakin karatu nesa ba kusa ba. Akwai kuma binciken inda dokoki uku ke haɗuwa a kan gona ɗaya, kuma a wannan ɗan Damagaram ne ke da riba. Ƙasarmu ta gaji dokar farar hula ta Faransa, amma har yau ba ta da kundin dokar iyali, duk da yunƙurin da aka sha yi. A kan aure da saki da gado da gonakin da ba su da takarda, al'adar masu ƙara alƙali ke bi, tare da mataimaka biyu masana wannan al'ada, muddin ba ta saɓa wa doka da yarjejeniyoyin da ƙasa ta amince da su ba. To mece ce al'adar Bahaushe ko Babarbare a kan gado? In ka tambayi mataimakan, sau da yawa Risala da Muhtasar za su karanto maka, wato fiƙihun Malikiyya, mace ta samu rabin rabon namiji. In ka je ƙauye, sai ka tarar an raba awaki da kuɗi bisa fiƙihu, gona kuwa an bar ta hannun maza don kada ta bi mace gidan miji. Wanne ne al'adar? Wanda ke littafi ko wanda ake yi?

Ƙara da wannan, rigimar gona ba a kotu take farawa ba. Tana farawa wurin mai gari, ta hau wurin sarkin yanki, wata ta kai fadar Sultan, kuma doka ta ba sarakuna ikon sulhu da rubuta takardar sulhu. Sai in ya gagara a je kotu, har kotun ɗaukaka ƙara da muke da ita nan Damagaram. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye da ake kira Kofo, daga ƙauye har jiha, don su riƙa ba da shaidar saye da aro da jingina da kyauta. Amma gonar da kaka ya ara wa baƙo shekara arba'in da suka wuce, shaidu duk sun kwanta dama, jikoki sun tashi kowa na rantsuwa, wa ke da ita? Can arewa kuma, wajen Tanut, dokar 1961 ta shata iyakar da noma ba zai wuce ba don a bar wa makiyaya, dokar kiwo ta 2010 ta sake tabbatar musu da haƙƙin yawo da dabbobi, amma gonaki sun daɗe da ƙetare layin, burtali yana ta ƙanƙancewa. Wanda ya zauna ya karanta hukunci ɗari biyu na gona daga kotunan Mirya da Magariya da Matamai, ya jera su, ya nuna hujjar da alƙalai ke karɓa da wadda suke watsarwa, ya yi aikin da ɗalibin Paris ba zai iya yi daga kujerarsa ba. Kuma irin wannan karo tsakanin al'ada da doka ba ƙaramin abu ba ne. Shari'ar Hadijatu Mani ta nuna haka: an sayar da ita tana yarinya, magana ta yi ta yawo a kotunan gida da sunan auren al'ada, sai a ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ce bauta ce, ƙasa ta gaza kare ta, a biya ta sefa miliyan 10.

Sai dai shari'a na da ƙayoyinta. Mai son kaiwa ƙololuwa a jami'a yakan bi ta gasar da hukumar CAMES, mai tantance malaman jami'o'in ƙasashen Afirka masu Faransanci, ke shiryawa duk shekara biyu, mai tsananin wuya. Wasu malaman kuma in ka kawo musu hira da masu gari sai su ce wannan ilimin zamantakewa ne, ka kai shi LASDEL, cibiyar da ke Yamai wadda ta shahara da nazarin bambancin abin da doka ta ce da abin da ma'aikata ke yi. Dole ɗalibi ya iya ɗaure hirarsa da nassi tamau. Mai sha'awar tsarin mulki kuma ya sani ƙasa na iya zamewa ƙarƙashin ƙafarsa: jamhuriya bakwai muka yi, an jingine tsarin mulkin 2010 a Yulin 2023, ƙasa ta fita daga CEDEAO a Janairun 2025, a Maris na 2025 kuma aka kafa sabon kundin sake gina ƙasa. Na san wanda babi biyu na kundinsa suka zama tarihi cikin dare ɗaya. Abu na ƙarshe, ga masu hangen Kano da Zariya don kusanci: injiniyanci ka karanta shi can ka dawo lafiya lau, amma shari'ar Najeriya a kan tsarin Ingila aka gina ta, kotunanmu kuwa tsarin Faransa suke bi. Mai niyyar zama alƙali ko lauya a Nijar ya yi karatunsa a inda tsarin yake ɗaya.

Ilimin koyarwa shi ake rainawa, ana ganin mafakar wanda ya rasa wuri ne. Ni da na ci alli shekaru ina ganin shi ne fannin da ƙasa ta fi ƙishirwar amsarsa. A gwajin PASEC na 2014, wanda ya haɗa ƙasashe goma masu amfani da Faransanci, fiye da tara cikin goma na yaranmu da ke ajin ƙarshe na firamare ba su kai matakin da ake buƙata a karatu da lissafi ba, mu ne a ƙarshen layi. Gwajin 2019 ya nuna an ɗan motsa, amma tafiya na nan. Kuma wannan gari yana da tarihi a kan maganar. A nan Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai fara koyar da yaro da Hausa kafin Faransanci, a 1973. Dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a makaranta, kundin 2025 kuma ya mai da Hausa harshen ƙasa. Shekara hamsin da ɗoriya ana gwaji. Wa ya bi sawun yaran nan ya ga inda suka kai idan aka gwada su da takwarorinsu? Ga makarantar horar da malamai ta Askiya Muhammad, ga sashen ilimin koyarwa a Jami'ar Andre Salifu, ba sai an yi nisa da gida ba, kuma ɗakin gwajin shi ne aji, wanda ke kowace unguwa.

Ramin da ake faɗawa shi ne takardar tambayoyi. Ɗalibi ya raba wa malamai talatin takarda, "Kuna ganin rashin kayan aiki na kawo cikas?", duka su ce e, ya zana da'ira mai launi, ya ce ya yi bincike. Wannan jin ra'ayi ne. Binciken kirki shi ne a gwada yara a Oktoba, a sake gwada su a Yuni, a kwatanta aji da aji, a san yadda za a raba tasirin malami da na yunwa da na rumfar zana wadda ba a shiga sai an gama girbi. Wannan yana son ilimin ƙididdiga, kuma nan ɗan sashen D ya fi kowa dama. Akwai ma taskar da ƴan boko suka daɗe suna wucewa ta gefenta: tsangaya, da matakanta daga kolo zuwa titibiri zuwa gardi har alaramma da gwani, da dabarun hadda da ke sa mutum ya rubuta Alƙur'ani da ka. Kuɗin bincike a wannan fanni ya fi samuwa, saboda ƙungiyoyin agaji na son sa, amma mai biyan kuɗi yakan zo da tambayarsa a aljihu. Shawarata a nan ba ta canzawa: kada a shige shi kai tsaye daga bak. A koyi wani abu tukuna, a tsaya gaban yara tamanin shekara biyu ko uku, sannan a dawo da tambaya. Wanda bai taɓa rasa muryarsa a aji ba, tambayoyinsa daga littafi suke fitowa.

Falsafa ita ce mafi arha a kaya, mafi tsada a haƙuri. Littafi ne da alƙalami da lokaci, ana kuma koyar da ita nan gida a sashen adabi. Hujjarta ba a wajenta take ba: ba awo, ba hukuncin kotu, ba rajistar aji, sai ƙarfin dalilin da ka jera da yadda ya jure sukar mai suka. Aikin da ke jiran mafi yawan masu ita shi ne koyar da ƴan tarminal, ajin ƙarshe na lise, kuma gara a faɗa wa yaro wannan tun da wuri. Tana kuma cin harsuna. Faransanci dole ne, sannan Ingilishi ko Jamusanci ko Larabci, gwargwadon wanda za ka karanta.

Kuskure biyu nake gani. Na farko, a rubuta kundi na ɗari kan masana falsafar Turai irin su Kant ko Dekart daga littattafan da wasu suka rubuta a kansu. Na biyu ya fi daɗin shiga: a tara karin magana hamsin a ce ga falsafar Bahaushe. Tun 1945 wani fada ɗan Beljiyam, Tempels, ya yi wa mutanen Kwango irin wannan, a shekarun 1970 kuma Hountondji na Benin, wanda ya rasu a 2024, ya yi masa kaca-kaca: abin da jama'a suka yarda da shi gaba ɗaya ba tare da mai kare shi da mai sukarsa ba, bai zama falsafa ba tukuna. Hanyar da nake ganin tana da rai ita ce ta Wiredu na Gana, wato ka ɗauki matsalar ka sake tunaninta da harshenka, ka ga ko za ta tsaya. Mu da kalma ɗaya, gaskiya, muke nufin abin da ya faru, da halin mutumin da ba ya ƙarya, da kuma wanda ya yi nasara a gardama in muka ce yana da gaskiya. Haƙƙi a bakinmu abin da kake bi ne, alhaki kuma abin da zai bi ka. Yanzu da ake maganar mai da dokoki cikin Hausa, wanda ya warware waɗannan kalmomi ya yi wa masu shari'a aikin da ba za su iya yi wa kansu ba. Kuma ba daga sama za a fara ba. A zaurukanmu ana karanta manɗiƙ a Sullam na Akhdari, ana karanta Ummul Barahin ta Sanusi da rabe-rabenta na wajibi da mustahili da ja'izi. Magili, wanda ya bi ta Agadas da Kano da Katsina a ƙarshen ƙarni na 15, ya yi musayar baitoci da Suyuɗi yana kare halaccin manɗiƙ. Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu, wanda ya rasu a 1864, ya yi rubutu a kan hikima da ilimin hankali. Dubban rubuce-rubucen hannu na ajiye a cibiyar bincike ta IRSH da ke Yamai, tarin da Bubu Hama ya assasa. Ɗalibin da ya haɗa Larabcin zaure da Faransancin lise yana riƙe da mabuɗin da kaɗan ne ke da shi. Wanda ba shi da Larabci kuma ba ya niyyar koya, rabin wannan gona ta rufe masa.

Akwai abin da ya shafi huɗun duka, wanda yara ba sa sani sai sun makara: a tsarin CAMES ba kowane malamin jami'a ke da izinin jagorantar kundin dokta ba, sai wanda ya kai manyan matakai biyu na sama. Kafin ka ƙulla rai da wani fanni, ka bincika ko akwai mai wannan matsayi a cikinsa, ɗalibai nawa ke wuyansa, da ko yana karanta abin da aka ba shi. Ni kaina na yi wata biyar ina jiran a dawo mini da babi ɗaya. Haka kuma kada a gina lissafi kan kuɗin tallafin ɗalibai kaɗai, ko da an samu.

Da ta matsa mini in faɗi nawa zaɓin, sai na ce mata ƙofofin nan huɗu ba lokaci ɗaya suke rufewa ba. Ta injiniyanci ita ke fara rufewa: wanda ya bar lissafi shekara uku da wuya ya dawo. Ta shari'a na biye, don sai an faro ta daga shekarar farko. Koyarwa da falsafa kuwa suna jiran mutum har ya manyanta, sun ma fi son wanda ya zo musu da wani abu a hannu. Abdu Mumuni ɗan Tasawa masanin kimiyyar lissafi da makamashi ne, a kan hasken rana ya yi aikinsa a ONERSOL, ofishin makamashin rana na ƙasa, amma shi ne ya rubuta littafin nan na 1964 kan ilimi a Afirka da ya yi kira a koyar da yara da harsunansu. Daga ɗakin gwaji ya shigo zancen makaranta. Da ta zancen makaranta ya faro, da wuya ya iso ɗakin gwajin. Saboda haka mai ƙarfin lissafi wanda gidansu za su bar shi ya yi nisa, ya fara da injiniyanci. Mai kaifin harshe da son gardama, wanda ba ya ƙyamar zama kan tabarmar mai gari, ya kama shari'a ya nufi gona da gado. Wanda dole ya zauna Damagaram, ko yana da aikin koyarwa a hannu, ilimin koyarwa ne zai ba shi bincike na gaske ba tare da ya sayar da gonar gado ba. Falsafa kuma ta wanda ya gwada barin ta ya kasa ce.

Ban bar ta da magana kaɗai ba. Na ce ta ba kowanne yini biyu kafin ta cika takarda. Ta bi wani mai haɗa sola ta riƙe masa na'urar awo a kan rufi, ta zauna bayan aji a wata makarantar share fagen hutu, na ba ta shafi goma na falsafa ta taƙaita mini a shafi ɗaya, sannan ta je kotu ranar da ake zaman shari'ar gona, tunda zaman a buɗe yake ga kowa. Daga rufi ta dawo da ciwon kai da lambobi masu tsabta. Taƙaitawar ta yi kyau, amma sau uku tana duba waya. Daga kotu kuwa ko mayafi ba ta cire ba ta same ni a ƙofar gida.

"Kawu, tsohon nan da Hausa ya ba da shaida. Ya ce aro ne, ya ƙara da cewa ana kai musu damin gero duk kaka. Da mai fassara ya juya wa alƙali, ban ji ya ambaci damin ba. To in ba a rubuta damin ba, da me za a gane aro ne ba kyauta ba?"

Na ce ban sani ba, ta je ta nemo. Ta sa shari'a a Tawa a zaɓin farko, lantarki a Maraɗi a na biyu. Uwarta ta haƙura da likitancin, yanzu rigimar da ake yi ita ce gidan wa za ta sauka.